Magajin Dala: Asalin Barbushe da Iyakar Ƙarfinsa

Tun da Allah Maɗaukakin Sarki ya halicci ɗan Adam, ya kuma sanya masa son labari a cikin zuciyarsa, da wuya a sami wata al'umma, ko a gabas ko a yamma, wadda ta tsayar da gwarzo a cikin hikayoyinta, ta ba shi ƙarfin da ya ƙetare na sauran halitta, sa'an nan ta haƙura ta bar shi haka nan ba tare da ta tambayi abin da ɗansa zai gada daga gare shi ba. Mu Hausawa mun daɗe da yanke hukunci a kan wannan mas'ala da bakin magabata, waɗanda suka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, suka kuma ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Amma wanda ya zauna ya bi tarihin ƙasar nan da natsuwa, ya auna abin da iyaye suka bari da abin da ya isa hannun 'ya'ya, zai tarar al'amarin ya fi haka zurfi, domin ƙarfi ba ya sauka daga uba zuwa ɗa da kamannin da ya tashi da su.

Ko Amurkawa, waɗanda suka shahara da littattafan labaran zane, ba su tsira daga wannan tambaya ba. A shekarar 1938 wasu samari biyu na birnin Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka fito da gwarzon nan Superman, wanda aka ce an haife shi a wata duniya mai suna Krypton, iyayensa suka sa shi a jirgi yana jariri sa'ad da duniyar tasu ke gab da tarwatsewa, ya faɗo a ƙasar manoma ta Kansas, wasu mata da miji suka tsince shi suka rene shi, hasken ranarmu kuwa ya ba shi ikon tashi sama da ɗaukar abin da rundunar mutane ba ta iya motsawa. Sai da aka shekara saba'in da bakwai ana ba da labarinsa kafin a 2015 marubuci Dan Jurgens ya tabbatar masa da ɗa, Jon Kent, wanda uwarsa, Lois Lane, 'yar Adam ce kamar kowa. A 2021 kuma aka ɗora wa yaron sunan uban da nauyinsa. Abin da ya fi shagaltar da masu karatu game da wannan yaro shi ne rabuwar jininsa biyu, watau mene ne ya ɗauko daga baƙon da ya sauko daga sama, mene ne kuma ya sha a nonon 'yar ƙasa. To, wannan bincike da suke yi a kan ƙagaggen mutum, Kanawa suna da irinsa a rubuce tun da daɗewa a kan mutanen da suka taka wannan ƙasa tamu, kuma nasu ya fi nauyi, domin birni guda ya fito daga cikinsa.

Madogararmu a nan ita ce littafin nan na Larabci da aka sani da Tarihin Kano, wanda ya jero sarakunan birnin ɗaya bayan ɗaya har zuwa Sarki Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki a ƙarshen ƙarni na 19, abin da ya sa masana da dama suke ganin a zamaninsa aka tattara shi daga bakin makaɗa da dattawan fada da tsofaffin takardu. Bature H. R. Palmer ya juya shi zuwa Ingilishi ya buga a 1908, shi ne kuma ya lissafa shekarun sarautar kowane sarki ya koma da su baya har ya fitar da shekarun Miladiyya da muke amfani da su yau. Daga baya Hukumar Fassara ta Zariya ta fitar da shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Ba littafin hadisi ba ne da za a nemi isnadinsa mutum bayan mutum, saboda haka ruwayarsa ta farkon zamani ana karɓarta ne a matsayin abin da Kanawa suka riƙe game da asalinsu, wanda shi ma ilmi ne mai daraja a wurin mai hankali.

Littafin bai fara da sarki ba, da mafarauci ya fara. Ya ce wani mutum mai suna Dala, wanda ba a san daga wace kabila ya fito ba, ya zo ƙasar nan ya gina gida a kan dutsen da har yau ake kira da sunansa, ya zauna tare da matansa, ya haifi 'ya'ya bakwai, maza huɗu da mata uku, babbansu Garageje. A nan ne aka siffanta wani baƙin mutum, dogo, ƙaƙƙarfa, wanda yakan kashe giwa da sandarsa, ya ɗora ta a ka ya yi tafiyar kimanin mil tara da ita. Kuma yadda maganar ta zo, wasu masu karatu suna ɗaukar siffar ta Dala ce, alhali kuwa mutanen gari in suna ba da labari magajinsa Barbushe suke ɗora wa giwar. Wannan saɓani ba ƙaramin abu ba ne, domin yana nuna yadda zuciyar jama'a take ƙin raba magaji da ƙarfin kakansa. Bayan hikaya kuma akwai shaidar ƙasa, gama masu binciken kufai sun tono alamun narkar da tama a gindin Dala waɗanda aka auna shekarunsu suka kai wajen ƙarni na 7, ga kuma ruwayar Abagayawa, maƙeran da suke cewa kakansu, mai suna Kano, ya taso daga Gaya yana neman tama har ya yada zango a nan. Ashe dai tun kafin a san sarauta, ƙarfe ne ya tara mutane a gindin dutsen.

Garageje shi ne kakan Buzame, Buzame kuwa shi ya haifi Barbushe. Watau tsakanin Dala da wannan magaji nasa akwai tsatso har uku da suka shuɗe. Abin lura shi ne, da marubucin ya zo faɗin dalilin ɗaukakar Barbushe a kan 'yan'uwansa, bai ambaci damtse ba. Cewa ya yi ya gaji kakanninsa a sanin asirin Dala, ya ƙware a al'adun tsafi, kuma da abubuwan al'ajabi da sihirinsa ne ya rinjayi jama'a har ya zama shugabansu. Ƙarfin jiki ba shi kaɗai yake da shi ba a wannan zamani, tun da yake a cikin manyan da ke ƙarƙashinsa akwai Gagiwa, wanda saboda tsananin ƙarfi da igiya yake kama giwa, akwai kuma Gunzago wanda gidansa yake gindin Goron Dutse. Da ƙarfi ne ke ba da shugabanci, da Gagiwa bai zauna a bayan kowa ba. Abin da Barbushe ya fi su da shi, wanda ba a samunsa da motsa jiki ko yawan farauta, shi ne ya san abin da ba su sani ba, yana kuma shiga inda ba su isa su shiga ba.

Wurin kuwa shi ne Kakuwa, inda wata itaciya take wadda ake kira Shamus, mazaunin abin bautarsu Tsumburbura. An kewaye itaciyar da katanga, akwai mai tsaro da ke zaune kusa da ita dare da rana, amma babu mahaluƙin da ke ƙetare katangar sai Barbushe, kuma sun yi imani duk wanda ya kuskura ya shiga to ajalinsa ne ya kira shi. Shi kansa Barbushe ba ya saukowa daga kan Dala sai sau biyu a shekara. In ranakun sun gabato, sai mutane su ɗungumo daga gabas da yamma, kudu da arewa, maza da mata, wannan yana jaye da baƙin kare, wancan yana rungume da baƙar kaza, wani yana kore da baƙin bunsuru, su taru a gindin dutsen da maraice suna jira. Sai duhu ya rufa sa'an nan ya fito daga gidansa, makaɗa suna biye da shi, ya yi kira da ƙarfi, jama'a su amsa, a ɗunguma zuwa Kakuwa, a yanka abin da aka kawo. Daga nan ya shige cikin katanga shi kaɗai, yana shelanta cewa shi ne magajin Dala, kuma biyayya gare shi tilas ce ko ana so ko ba a so. Su kuwa su yi ta kewaya wurin har gari ya waye. Da safe ya fito ya gaya musu abin da zai auku cikin shekara, na alheri da na sharri, har da baƙon da zai shigo ƙasar.

Malamanmu na tauhidi, Allah ya saka musu da alheri, ba su bar mu cikin duhu ba game da irin waɗannan abubuwa masu keta al'ada, domin sun rarrabe su daki-daki. Wanda ya bayyana a hannun Annabi tare da da'awar annabci shi ne mu'ujiza. Wanda ya bayyana a hannun salihin bawa shi ne karama. Wanda Allah ya kuɓutar da talakan Musulmi da shi daga ƙunci shi ne ma'una. Wanda kuwa ya bayyana a hannun fasiƙi ko mushriki, ana yi masa talala da shi, shi ne istidraji, sihiri kuma sana'a ce da ake koya ana koyarwa. Babu shakka marubucin Tarihin Kano, da yake Musulmi ne mai karatu, ya san inda zai ajiye Barbushe a cikin wannan rabo, ya kuma san cewa gaibu na Allah ne shi kaɗai. Duk da haka bai wulakanta shi ba. Hasali ma da kalmomin Musulunci ya auna lokutan bikin, ya kira su ranakun Idi biyu da jajibirinsu, ko da yake a wannan zamani ba a fara sallar Idi a Kano ba. Ya kuma sa gaskiya a bakin bokan, kamar yadda masu Sira suka ruwaito cewa bokaye biyu na Jahiliyya, Shiƙƙu da Saɗihu, sun fassara mafarkin wani sarkin Yaman da bayyanar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tun kafin a haife shi.

Gaskiyar da aka sa a bakin Barbushe kuwa mai ɗaci ce, domin rushewar gidansa ya hango. Ya gaya wa mutanensa cewa wani mutum zai zo da runduna ya karɓe mulki daga hannunsu, za a sare itaciyarsu a ƙone, a gina masallaci. In bai zo a zamaninsu ba, lalle zai zo a zamanin 'ya'yansu, ya ɗaukaka nasa mutanen ya manta da su. Jama'a suka yi baƙin ciki matuƙa, saboda sun san ba ya faɗin abin da ba ya aukuwa, suka tambaye shi maganin wannan musiba, ya amsa musu cewa ba ta da magani sai haƙuri. A nan ne iyakar ƙarfinsa ta bayyana. Mutumin da ya mallaki zukatan ƙasa guda da tsoro, wanda ake cewa yana ganin shekara tun ba ta kama ba, da aka zo ga ranar da jama'arsa suka fi bukatarsa, ba shi da runduna da zai tara, ba shi da ganuwa da zai tsaya a bayanta, ba shi da wani shiri da zai bar wa na baya, domin dukan abin da ya gada a cikin ƙirjinsa yake, a bayan katangar da ya hana kowa shiga.

Mutumin da aka yi wannan bushara a kansa daga wani gidan jarumta ya fito, kuma sai mun koma Daura kafin mu gane shi. Ruwayar Daura ta ce Bayajidda ɗan sarkin Bagadaza ne, ya baro ƙasarsu ya sauka Barno, ya auri 'yar Mai, sarkin ƙasar, da zama ya ƙi daɗi ya gudo yamma, ya bar matar a Garun Gabas inda ta haifi Biram, ya biyo ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya isa Daura da dare ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana. Da ya nemi ruwa aka ce masa macijin da ke rijiyar Kusugu ba ya barin a ɗiba sai ranar Juma'a, sai ya tafi ya zura guga, macijin ya fito, ya sare kansa. Sakamakon haka Sarauniya Daurama ta aure shi. Wasu masana sun yi ƙoƙarin danganta shi da Abu Yazid, Babarbaren da ya yi wa daular Faɗimiyya tawaye a Afirka ta Arewa aka kashe shi a 947, suna ganin mabiyansa ne suka watsu zuwa kudu. Amma ko wane ne shi, siffarsa a cikin labarin a fili take, baƙo ne mai ƙarfi wanda ya zo daga nesa ya yaye wa mutane wata wahala.

Ƙwarƙwararsa Bagwariya ta haifa masa Karbagari, Daurama kuwa ta haifi Bawo, kuma a kan Bawo ne ya kamata mai nazari ya dakata. Duk faɗin ruwayar ba a ce ya kashe maciji ba, ba a ce ya ɗauki giwa ba, ba a jingina masa wani abin al'ajabi ko guda ba. Darajarsa ita ce jini biyu sun haɗu a jikinsa, na baƙo mai takobi da na 'yar ƙasa mai gadon sarauta, ta yadda babu mai ce masa bare, babu kuma mai ce masa rago. Abin da ya yi da wannan gado shi ne ya raba shi, gama 'ya'yansa shida, Gazaura da Bagauda da Gunguma da Duma da Kumayau da Zamna Kogi, su ne aka ce sun riƙi Daura da Kano da Zazzau da Gobir da Katsina da Rano, in an haɗa da Biram suka cika Hausa Bakwai. Har ruwaya ta ba kowace ƙasa aikinta, Kano da Rano sarakunan baba, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi. Bisa lissafin Palmer, a shekarar 999 Bagauda ɗan Bawo ya shigo ƙasar Kano da rundunarsa, ya ci shugabannin da ya tarar, ya kashe babbansu Jankare, ya zauna a Sheme. Babu sunan Barbushe a cikin waɗanda ya yaƙa, abin da ke nuna zamanin bokan ya riga ya wuce, magadansa ne suka ga abin da ya faɗa.

Jikan Bagauda, Gijimasu ɗan Warisi, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya fara aikin da ya bambanta gidan Dala da gidan Bagauda har abada. Ya jawo zukatan mutane da kyauta, sa'an nan ya shawarce su a kan gina birni, suka yarda, ya yanka shanu ɗari a ranar da aka fara aiki, aka ja ganuwa mai ƙofofi takwas, cikinsu har da Mazugal da Ƙofar Ruwa da Adama da Waika da Kansakali. Ɗansa Yusa, wanda ake kira Tsaraki, ya kammala ta. Wanda ya taɓa tsayawa a kan magina ya san irin wahalar da ke cikin wannan magana. Sai an haƙo jar ƙasa, an jiƙa ta, an zuba ciyawa, an tattake da ƙafa har ta yi danƙo, sa'an nan a cura tubali da hannu ɗaya bayan ɗaya, mai faɗin gindi da tsinin kai kamar ƙwan zabo, a shanya a rana ya bushe, a jera shi tsini sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Ramukan da aka haƙa kuwa su ne suka zama kududdufai. In damina ta wuce ta zaizaye wani sashe, sai an sake yin gayya an gyara. Babu gwarzon da zai yi wannan shi kaɗai ko da yana ɗaukar giwa goma. Aiki ne na dubban hannuwa, tsara bayan tsara. Barbushe ya kewaye itaciya guda don ya hana mutane shiga, Gijimasu ya kewaye mutanen da kansu don su sami mafaka.

Amma kada a zaci gidan Dala ya faɗi a rana ɗaya. Fiye da shekara ɗari uku zuriyar Bagauda tana riƙe da sarauta, magadan Barbushe suna riƙe da asiri, kowane yana tsoron ɗan'uwansa a cikin ganuwa guda. Sarki Guguwa, wanda ya hau a 1247, ya nemi su bayyana masa sirrin abin bautarsu suka ƙi, littafin ya ce ƙarshensa makancewa ya yi. Shekarau, wanda ya gaje shi a 1290, da fadawansa suka zuga shi ya yaƙe su, sai ya zaɓi sulhu, ya karɓi gaisuwarsu ya bar musu al'adunsu. Tsamiya, wanda ya yi mulki daga 1307 zuwa 1343, shi ne ya ƙi wannan zama na rabin iko, ya tara mayaƙansa ya auka wa wurin tsafin, ya rushe katangar da aka ce mai ƙetare ta ba ya kwana, manyan matsafan suka gudu suka bar gari. Tun daga ranar da idon talaka ya ga bayan katangar nan, bai kuma ga kowa ya faɗi ya mutu ba, rabin ƙarfin Tsumburbura ya tafi, domin abin da tsoro ya gina ba ya jure a leƙa cikinsa.

Sauran rabin kuwa ilmi ne ya ƙarasa shi. A zamanin Ali Yaji ɗan Tsamiya, 1349 zuwa 1385, Tarihin Kano ya ce Wangarawa suka iso daga Mali, su kimanin arba'in, a ƙarƙashin Abdurrahman Zagaiti, ko da yake wani littafi, Aslul Wangariyyin, ya kai zuwansu zamanin Rumfa. Suka umarci sarki da salla ya karɓa, aka naɗa liman da ladan da alƙali da mai yanka, aka gina masallaci a ƙarƙashin itaciyar nan. Sunan ɗaya daga cikinsu, Mandawari, yana nan a kan unguwa har gobe. Sai a duba bambancin tafarki: waɗannan baƙi ba su ɓoye abin da suka zo da shi ba, allo suka ba yara, suka ɗaga murya da kiran salla don kowa ya ji, suka mai da sani abin da ɗan maƙeri da ɗan sarki za su durƙusa su ɗauka a gaban malami guda. Da Muhammadu Rumfa ya hau, 1463 zuwa 1499, Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili, mutumin Tilimsan, ya sauka Kano wajen 1492, ya rubuta wa sarki nasiha a kan wajiban masu mulki, aka sare itaciyar aka tsayar da hasumiya a gurbinta. Kurmin Jakara ma, wanda dā ake tsoron baƙin ruwansa, Rumfa ya kafa kasuwa a wurin, ita ce Kasuwar Kurmi. Maganar Barbushe ta cika ba ragi.

Rumfa ɗin nan shi ne ya faɗaɗa ganuwa ta gabas da kudu, ya fitar da fada daga tsohon gari ya gina Gidan Rumfa, kuma a wannan ɓangare na faɗaɗawa Ƙofar Nassarawa take, shi ya sa ba a samunta cikin ƙofofi takwas na Gijimasu. Wanda ya tsaya a bakinta yau, gadar sama na bisa kansa, motoci da masu Adaidaita Sahu suna ta kai da kawowa, in ya fuskanci cikin gari hanya za ta kai shi Gidan Makama, inda aka ce Rumfa ya zauna kafin ya hau gado, yanzu kuwa gidan adana kayan tarihi ne, ta wuce da shi fada. In ya juya baya kuma yana kallon hanyar Gidan Nassarawa, inda aka binne wasu daga cikin sarakunan Kano, har da Alhaji Ado Bayero wanda ya rasu a 2014. Ta nan ake fita Hawan Nassarawa a kwanakin Salla, da 'yan lifida da 'yan sulke da dogarai, hakimai kowane da jama'arsa. Gidan Bagauda ya sauka daga mulki da Jihadi a zamanin Sarki Alwali, a farkon ƙarni na 19. Turawa sun ci birnin a watan Fabrairu na 1903, suka kuma yi mamakin ganuwar da suka tarar, wadda tsayinta ya kai ƙafa 30 zuwa 50. Masu riƙo sun sauya, amma sarautar da birnin sun wanzu, saboda tun farko ba a cikin ƙirjin mutum ɗaya aka ajiye su ba.

Adalci kuma ya wajabta a faɗi cewa mutanen Dala ba su shuɗe hannu wofi ba. Littafin ya lissafa shugabanninsu goma sha ɗaya, kowane uban dangi ne, ya ce su ne tushen Kano, kuma da sana'a ya ambaci yawancinsu: Gijigiji maƙeri, Hamburki mai maganin cututtuka, Bakonyaki maharbi, Maguji mai haƙar tama da narka ta, wanda aka ce shi ne kakan Maguzawa. Asirin Barbushe ya bi masu shi zuwa kabari, har babu mai iya faɗin ko kalma guda daga abin da yake yi a bayan katanga. Amma ƙira da magani da kiɗa, waɗanda uba yake zaunar da ɗansa a gabansa ya nuna masa da hannu, suna nan da ransu a unguwannin birni bayan shekara dubu. Hukuncin tarihi ke nan a kan magada: ɗan da ya karɓi ƙarfin ubansa ya kulle shi don a ji tsoronsa, ƙarfin yakan ƙare a kansa, wanda kuwa ya mai da shi aiki, ko doka, ko karatu, ya shigar da jama'a ciki, shi ne jikokin jikokinsa suke cin moriyarsa.

Saboda haka ina kira ga Kanawa, manya da yara, musamman malaman makarantu da masu unguwanni da hukumomin da aka ɗora wa amanar kayan tarihi, da su dubi abin da ya rage na ganuwar nan da idon rahama. Sashe mai yawa nata ya riga ya tafi, wani ruwa ya cinye, wani an kwashe ƙasarsa an yi gini, wani an yanka shi filaye, alhali kuwa kowace ƙafa guda tata gumin kakannin wani ne. A hana ɗibar ƙasarta, a gyara abin da ke gyaruwa, a hau da ɗalibai kan Dala a nuna musu inda garinsu ya fara, a karantar da su sunayen Gijimasu da Yaji da Rumfa tare da aikin kowannensu. Mu ne magadan yanzu, kuma za a tambaye mu abin da muka yi da gadon. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya jiƙan magabatanmu Musulmi, ya zaunar da Kano lafiya, amin.